Waƙoƙin da Ba Sa Shiga Lissafin Ƙarshen Shekara: Tsokaci Daga Gidan Dare

Gabatarwa

Ya zama al'ada a wannan zamani, da zarar shekara ta ɗauko ƙarewa, sai gidajen rediyo da ma'abota shafukan intanet su duƙufa wajen lissafa waƙoƙin da suka yi fice a cikinta. Ma'aunin da akan ɗora waƙoƙin a kai guda ɗaya ne, watau yawan mutanen da suka kalle su a YouTube, ko suka taka rawa da su a TikTok. Da irin wannan ma'auni ne aka shaidi yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa a shekarar 2020, kuma babu mai yin jayayya da hakan. Sai dai fa mudun da aka yi domin awon hatsi ba ya auna zinariya. Akwai waƙoƙi masu ɗimbin yawa da akan rera a kowace shekara waɗanda ba su taɓa shiga sitidiyo ba, ba su da mai ɗaukar nauyinsu, ba a ma san wanda ya ƙaga su ba, saboda haka ba sa shiga lissafin kowa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a cikin waɗannan waƙoƙi da aka yi wa riƙon sakainar kashi ake samun mafi armashin abin da bakin Basakkwace ya rera a shekarar da ta gabata, kuma da yawa daga cikinsu sun salwanta tun shekarar ba ta cika ba. Za a ɗauki unguwar Gidan Dare da ke birnin Sakkwato a matsayin zakaran gwajin dafi, domin abin da ke faruwa a cikinta shi ke faruwa a Runjin Sambo da Mabera da Arkilla da sauran unguwanni. Daga ƙarshe za a nuna cewa alhakin wannan asara yana wuyan ɗaliban Hausa kafin ya hau wuyan kowa.

Amo Biyu a Unguwa Ɗaya

Duk wanda ya wuni ya kwana a Gidan Dare, muddin ya kasa kunne, zai tarar amo iri biyu ne ke tashi. Na farko shi ne na bakin titi, wanda ke fitowa daga lasifikar mai cajin waya da tura waƙoƙi, da rediyon mai shayi, da wayar ɗan kabu-kabu. Wannan amo shi ya fi ƙarfi, kuma galibin waƙoƙinsa daga sitidiyoyin Kano da Kaduna suka fito, da Hausar can da salon can. Na biyu kuwa yana can cikin lungu da tsakar gida da ƙofar masallaci, ba ya buƙatar lantarki, kuma sai mai natsuwa ke jin sa. Daga cikin wannan amo na biyu akwai rukuni uku da suka cancanci a fifita.

Rukuni na ɗaya shi ne waƙoƙin daka da na raino. Ko da yake injin niƙa ya karɓe aikin dutse, turmi bai bar gidan Basakkwace ba, domin surfe da kirɓin fura har yau da taɓarya akan yi su a gidaje da yawa. Idan mata biyu ko uku suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, taɓarya ita ce ganga, ita ke ba waƙar raujinta. Wannan ne ya sa saɗarun waƙar daka suke zuwa gajeru, daidai da numfashin mai ɗaga taɓarya da saukar da ita. Jigoginta kuwa su ne habaici ga kishiya, da ƙorafi a kan uwar miji, da kukan tsadar gero, da yabon dangi. Abin da mace ba ta iya faɗa wa maigida ido da ido sai ta faɗa wa turmi, shi kuma yana zaure yana ji, kuma ba shi da ta cewa tun da ba a ambaci sunansa ba. Daɗin daɗawa, al'adar alkunya ta hana mace kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, don haka tilas ta nemi laƙabi ko ta sakaya zance. Ashe ke nan kinaya da alamtarwa da ɗalibi ke haddacewa domin jarrabawa, ita wannan mata takura ce ta koya mata su, kuma ta fi shi iya sarrafa su.

Rukuni na biyu shi ne waƙoƙin tashe, waɗanda yara maza da mata kan fara idan azumin Ramalana ya kai kwana 10. Wasannin kansu tsofaffi ne, kamar Jatau Mai Magani da Macukule da na Mairama da Daudu. Amma mai lura zai gane cewa gindin waƙar ne kawai tsoho, ɗiyanta kuwa yara kan sabunta su gwargwadon abin da suka gani. Mai rowa na unguwa, da tuzurun da ya ƙi aure, da mai shagon da ya tsawwala, duk sukan sami rabonsu cikin raha, ba tare da an yi faɗa ba. Tashe tamkar jaridar yara ce da ke fitowa sau ɗaya a shekara, ta yi dare kusan 20 tana zagaya gidaje, sa'an nan ta ɓace da ganin watan Salla. Wanda bai ɗauka a wannan tsakani ba, sai dai ya jira ta baɗi, ita kuma da nata labarin za ta zo.

Rukuni na uku shi ne waƙoƙin mabarata, musamman makafi masu rera wa'azi da madahu a kasuwa da bakin masallacin Juma'a. Sanannen abu ne cewa waƙar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi kansa makaho ne, ta bakin irin waɗannan bayin Allah ta shiga lunguna da ƙauyukan da littafi bai isa ba. To, amma mabaraci ba faifai ba ne. Yakan sauya karin murya, ya rage nan ya ƙara can, ya cusa baitin da ya dace da halin da ake ciki, ɗan jagoransa kuma yana amsa masa. Wannan ƙari da ragi shi ne wurin da rubutacciyar waƙa da waƙar baka suke haɗuwa, kuma babu inda za a same shi in ban da bakin mai shi a ranar da ya rera.

Taskar Sakkwatanci

Bayan daɗin saurare, akwai wani dalili da ya sa ya wajaba masu nazarin harshe su damu da waɗannan waƙoƙi. Mawaƙin zamani, ko da a Sakkwato aka yanke masa cibiya, da ya shiga sitidiyo yakan karkata harshensa zuwa daidaitacciyar Hausa ko Kananci, domin can ne kasuwa take. Mai daka ba ta da wannan lalura. A bakinta ake jin "shina" a maimakon "yana", da "awa" a maimakon "kamar", da "yat tahi" a maimakon "ya tafi", da "wanga" da "wagga", da "hwaɗi" a gurbin "faɗi". A waƙarta ne kuma sunayen kayan aiki da na tsirrai da na abinci, waɗanda suka fara fita daga zancen yau da kullum, suke samun mafaka. Wanda ke son ya fahimci waƙoƙin Narambaɗa ko na Salihu Jankiɗi ciki da bai, wannan Hausa ce mabuɗinsa, domin daga rijiya ɗaya suka sha da tsofaffin cikin gida.

Abin da ke Kashe su

Waƙoƙin aiki da aikin suke rayuwa, da shi kuma suke mutuwa. Waƙar niƙa ta bi dutsen niƙa tun lokacin da inji ya shigo unguwa. Waƙar daɓe, wadda mata kan yi gayya su rera suna bugun ƙasan sabon ɗaki da madaɓi, siminti ne ya yi ajalinta, kuma a nan kusa, a Kalambaina, kamfanin siminti ya fara aiki tun 1967. Dandali, inda 'yan mata kan yi gaɗa a farin wata, ya tsuke saboda gine-gine da talabijin da karatun dare da kuma tsoron iyaye. Babu mai fatan a koma wa dutsen niƙa domin a ji waƙa, don kuwa wadda ta yi niƙan ta san wuyarsa. Abin nufi shi ne, tun da an san aikin zai tafi, ya kamata a riƙe waƙarsa kafin ta bi shi.

Akwai kuma wata musiba da ta fi inji da siminti saurin ɓarna, watau ta'addancin ɓarayin daji a gabashin Jihar Sakkwato da Zamfara. A watan Yuli na 2018 an kai mummunan hari a Tabanni da ke gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Raɓa, a watan Oktoba na 2021 kuma aka afka wa kasuwar Goronyo, ban da abin da ƙasashen Isa da Sabon Birni suka sha shekara da shekaru. Mai nazarin adabi ya san waɗannan sunaye ta wata fuska. Ƙasar Gandi ita ta haifi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin dambe da noma, wanda ya yi wa Shago waƙa. A Isa ne Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗa. Zurmi kuwa ita ce garin Kassu, makaɗin maza. Ƙasar da ta fitar da waɗannan gwanaye ita ce aka tarwatsa ƙauyukanta, aka bar gonaki ba noma. Inda babu noma babu gayya, inda babu gayya kuwa gangar noma ta yi shiru.

Mutanen waɗannan ƙauyuka, musamman mata da yara da tsofaffi, da yawansu sun yi gudun hijira zuwa garuruwa, ciki har da birnin Sakkwato. Sun baro rumbu da dabbobi, amma sun taho da abin da ke kansu. Tsohuwar da ke zaune a gefen titi tana neman sadaka, mai yiwuwa ita ce ta ƙarshe da ta riƙe waƙar daɓen garinsu, jikarta kuma a birni za ta tashi, ba za ta taɓa riƙa madaɓi ba. Bugu da ƙari, Bahaushe bai taɓa shiga wani hali mai tsanani ba face bakinsa ya ba abin suna, kamar yadda aka raɗa wa yunwar 1914 suna Kakalaba. Me mai raino ta ce wa jaririnta a daren da aka gudo? Me mai daka ta ce game da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ko tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekara? Masanin tarihin da zai zo nan da shekara 50 zai sami jawaban gwamnoni a rubuce, amma muryar waɗanda abin ya shafa sai idan wani ya adana masa ita yau.

Yadda na Gaba Suka Tsira

Yana da kyau a tambaya, me ya sa har yau ake jin muryar Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da ta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999? Ƙwarewarsu ba abin musu ba ce, amma ƙwarewa kaɗai ba ta adana murya. An sami gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna da Rediyon Rima, da kamfanonin faifai, da manazarta, waɗanda suka naɗi waƙoƙinsu. Makaɗan da suka gabace su, waɗanda suka yi zamani kafin na'ura ta iso, da yawansu suna kawai ya rage. Haka nan a ɓangaren mata, Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta tsira domin kiɗan ƙwaryarta ya fito fili, alhali dubban masu amada da shantu na cikin gidaje sun tafi da nasu.

Adana abin da aka raina kuwa ba baƙon aiki ba ne, kuma Sakkwato tana da tarihi a kansa. Litattafan tatsuniyoyi guda 3 da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 sun samo tushe ne daga rubuce-rubucen da Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa malamai suka tattara, shi ya sa Sakkwatanci ya cika su. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun rayu ta hanya biyu, watau bakin jajiyoyi da 'yan taru masu kai su ƙauyuka, da kuma takardun da zuriyarta ta gidan Waziri ta adana a Giɗaɗawa, har aka buga su a dunƙule a 1997. A ƙasar Zazzau, wata tsohuwa guda, Baba ta Karo, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta haɗe da waƙoƙin mata, aka buga a 1954, ga shi har yau ana cin moriyarsa. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasannin yara da waƙoƙinsu a jerin litattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. A Jamhuriyar Nijar kuma an kafa cibiya sukutum a Yamai tun 1968 domin tattara adabin baka. Dukkan waɗannan ayyuka abu ɗaya suka haɗa, watau wani ya zauna gaban wanda ba a ɗauka da muhimmanci ba, ya saurara, ya rubuta.

To, ina ɗaliban yau suke? Wanda ya leƙa ma'ajiyar kundayen digiri na farko a sassan Hausa zai ga sunayen makaɗa ƙalilan suna ta maimaituwa: salo a waƙoƙin wane, jigo a waƙoƙin wane, tubalan ginin waƙoƙin wane. Ba a raina waɗannan ayyuka ba, kuma an san akwai waɗanda suka taɓo waƙoƙin mata da na yara. Amma gaskiya ɗaya ce, ɗalibi yakan zaɓi Narambaɗa ne domin an riga an rubuta masa waƙoƙin, ba sai ya sha rana ba. Narambaɗa kuwa ba ya cikin haɗari, littafi guda Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza ya rubuta a kansa. Wadda ke cikin haɗari ita ce tsohuwar da ɗalibin ya wuce a ƙofar gida sa'ad da zai hau kabu-kabu zuwa jami'a.

Uzurorin da Akan Kawo

Uzuri na farko shi ne wai waɗannan waƙoƙi gajeru ne, shirmen mata da yara ne, ba su isa a gina nazari a kansu ba. Amsar ita ce, karin magana ta fi su gajarta, kuma ba wanda ya ce ba ta isa nazari ba. Waƙar daka ɗaya tana iya zama saɗara huɗu, amma idan aka tara 100 daga unguwa ɗaya, za a ga hoton zaman aure da tattalin gida wanda babu takardar tambayoyi da za ta iya fito da shi.

Uzuri na biyu ya fi nauyi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Akan ce waƙoƙin cikin gida sirri ne, shiga gidan mutane da na'ura ya saɓa wa kunya da addini, kuma habaicin da aka yi domin kunnen mutum uku, idan ya fita waje, yana iya kashe aure. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce za ta tsara yadda za a yi aikin. Ɗalibai mata su ne za su shiga wurin mata, da izinin mai waƙa da na maigida. Ba dole ba ne a bayyana suna, ba a kuma yarda a ɗora muryar kowa a intanet ba, inda aka ƙi naɗar murya sai a wadatu da alƙalami da takarda. 'Yan gudun hijira kuwa haƙƙinsu ya ninka, domin ba daidai ba ne a mai da baƙin cikin mutum tsanin samun maki, a karɓe waƙarsa a bar shi da yunwa. Wanda zai je wurinsu ya je da ladabi da ɗan abin hannu, ya kuma karɓi "a'a" idan an ce masa.

Uzuri na uku shi ne wai waya ta riga ta ɗauke wannan nauyi, tun da kowa na naɗar abin da ya gani. Amma waya ba ma'ajiya ba ce. Takan faɗa ruwa, akan sace ta, akan goge abin da ke ciki domin a sami wurin sabon fim. Ko abin ya tsira, murya ce kawai ba kwanan wata, ba sunan wuri, ba bayanin abin da ya jawo waƙar, kuma irin wannan ba ta da amfani ga manazarci.

Abin Yi

Shawarar da ake miƙawa ga malamai masu daraja ba ta buƙatar kuɗi masu yawa. A cikin darasin adabin baka, a wajabta wa kowane ɗalibi ya kawo waƙoƙi 10 da ya ji da kunnensa a unguwarsu ko ƙauyensu cikin shekarar, waɗanda ba su taɓa shiga faifai ko littafi ba. Kowace waƙa ta zo da ranar da aka ji ta, da wuri, da aikin ko bikin da ake yi, da kimanin shekarun mai rerawa. A rubuta ta yadda aka furta ta, kada a yi mata gyaran daidaitacciyar Hausa, domin gyaran nan shi ne ɓarna. Idan aji na da ɗalibai 50, waƙoƙi 500 ke nan a shekara guda, 5,000 a shekara 10. A ajiye kwafi a sashe, a kai wani Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Ita kuma wannan mujalla ta ware shafi a kowace fitowa domin zaɓaɓɓu daga cikinsu, ya zama ɗalibai suna da nasu lissafin na ƙarshen shekara, wanda ma'auninsa shi ne hikima da nagartar harshe.

Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa waƙoƙin daka da raino, da na tashe, da na mabarata, waɗanda ake ji a unguwa irin Gidan Dare, suna ɗauke da fasaha da karin harshe da tarihin talakawa, kuma sauyin zamani da rashin tsaro sun haɗu suna cinye su. Mawaƙin sitidiyo yana da masu adana masa aikinsa, makaɗin fada ya sami manazarta, su kuwa waɗannan ba su da kowa sai ɗalibin da ya tashi a cikinsu, ya san Hausarsu, aka kuma koya masa yadda ake nazari. Masu iya magana sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Na shekarar da ta gabata sun wuce, ba sa dawowa. Azumi na tafe, yara za su fito da tashe ranar goma ga wata, kuma littafin rubutu da alƙalami ba su fi ƙarfin kowane ɗalibi ba. Allah Ya sa a dace.